Jakar Wasiƙu: Ina Ɗakin Binciken Yake?

Yau jaka ta cika, amma na ware wasiƙu uku, domin duk bakinsu ɗaya.

Ta farko daga wani matashi ce ɗan Kagara, mai karatun injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Yana cewa: "Malam, ga dutsen hoda Allah Ya zuba mana a ƙasar Kagara, ga malamanmu sun san yadda ake tace shi. Me ya hana kamfanonin da baƙi suka mallaka su zauna da jami'armu a ƙirƙiro wani abu tare? Ko raini ne?"

Ƙanena, raini yana iya shiga, amma ba shi ne gindin maganar ba. Manajan da kake gani a Legas ba shi ne maigida ba. Uwar kamfanin tana Turai ko Amurka, can ɗakin binciken yake, can ake yanke abin da za a haɗa da ma'aunin da za a bi. Ɗauki Nestlé: hedikwatarsa tana Vevey a Suwizalan, babbar cibiyar bincikensa tana Lausanne, kuma da ya tashi buɗe cibiya a yankinmu a 2009, Abijan ya kai ta. Reshen nan gida aikinsa ya haɗa kaya ya sayar. Ko da manajan yana son malaminka, sai ya nemi izini, su kuwa na can tsoronsu ɗaya: kada sirrin haɗinsu ya fita.

Amma an taɓa ganin sun sauko. A 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minnar nan tamu, gwamnati ta hana shigo da sha'ir. Masu yin kayan sha na tsiron hatsi suka wayi gari babu abin zubawa a tukunya. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Kamfanonin da da ba su san hanyar Samaru ba suka fara neman masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samarun Zariya, aka duƙufa kan dawa, musamman gajeriyar kaura da ake kira SK5912. Aka sauya injuna, aka koyi yadda ake tsirar da dawa har ta maye gurbin sha'ir. Daga baya an ɗage dokar, amma dawa ba ta fita daga masana'antun ba, har yau manomanmu suna cin gajiyar wannan kasuwa. Abin da ya ba ni sha'awa a nan shi ne, ilimin yana hannunmu ne a lokacin, shi ya sa aka zauna da mu kafaɗa da kafaɗa.

To ku ma ku nemi abin da za ku riƙe. Masu fenti da roba da magunguna suna buƙatar wannan dutse, amma suna ɗari-ɗari da shi. Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai ta wannan dutse a duniya baki ɗaya a 2023, bayan ƙararraki kan zargin gurɓata. Saboda haka duk wanda ya je musu da sakamakon gwaji mai nuna tsabtar dutsen Kagara da laushinsa da farinsa, buhu bayan buhu ba sauyi, za a ba shi kujera. Wannan aikin jami'arku ne. Kuma kada mu ɓoye wa juna: tun sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara a Fabrairun 2021, baƙon injiniya sai ya yi dogon tunani kafin ya hau hanyar Tegina zuwa Kagara. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce, shugabar ƙungiyar mata masu tsintar kaɗanya. Ta ce masu saye suna koya musu dafa ƙwara da shanya, amma ba wanda ya taɓa faɗa musu abin da ake yi da ita a ƙasashen waje.

Hajiya, Allah Ya saka miki, kin taɓa inda yake mini ƙaiƙayi. A can raba man kaɗe ake yi gida biyu, mai kauri da mai ruwa. Mai kaurin yana shiga cakulan a madadin man koko, kuma dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa har kashi 5 cikin ɗari na irin waɗannan mayuka. Manya irin su AAK na ƙasar Suwidin sun ƙware a wannan. Shanya za su koya muku da zuciya ɗaya, don suna son ƙwara mai kyau. Rabon man kuwa nan ribar take. A Agustan 2025 gwamnati ta hana fitar da ɗanyar ƙwara na wata shida, kuma an buɗe matatar man kaɗe a Kudu, kusa da Mokwa. Manufar ta yi, sai dai da farashi ya faɗi, ku kuka fara jin jiki, wannan kuwa bai kwanta mini ba. Shawarata, Hajiya, ku sayar a ƙungiyance, kuma duk alkawarin horo da injin niƙa a rubuta shi a takarda kafin a auna buhu.

Ta ƙarshe gajeruwa ce, daga wani dattijo: tashar lantarki ta Zungeru mai megawat 700, wadda kamfanonin Sin, Sinohydro da CNEEC, suka gina, in injinta ya lalace, yaranmu za su iya gyarawa?

Baba, ya danganta da abin da aka sa hannu a kai. Akwai hukumar NOTAP, tun 1979 take rajistar yarjejeniyar shigo da fasaha daga waje. Za mu aika mata da tambayarka, mu kuma aika wa Mainstream, kamfanin da ke riƙe da tashar.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya kan takin zamani ku yi haƙuri, naku sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.