DARASINMU: ABIN DA KE SAMUN DOKI IN LIKITA YA SA SHI BARCI

Na san sana'armu ta shanu ce, amma kaɗan ne daga cikinmu hannunsa bai taɓa shiga cinikin doki ba, balle in Salla ta gabato, sarakunan zango na neman abin hawa. Kwanan baya a Mamobi wani maƙwabcina ya sa aka yi wa dokinsa dandaƙa. Aiki ya yi kyau, amma dokin ya kasa miƙewa sai bayan awa uku, cinya ta yi tauri kamar itace. Mutane suka ce baki ne. Ba baki ba ne.

Ga yadda abin yake. Maganin barci mai ƙarfi, musamman irin na shaƙa kamar halotan da wanda ya gaje shi, aisofuluran, yakan rage ƙarfin zuciya ko ya saki jijiyoyi, sai ƙarfin gudun jini ya faɗi. Doki kuwa dabba ce mai nauyi. In ya kwanta a gefe guda, nauyinsa ya danne naman da ke ƙasa, jinin da ya riga ya yi rauni ba zai ratsa ba. Naman sai ya lalace. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ƙoƙarin kada matsakaicin awon jinin ya sauka ƙasa da 70, suna ƙarin ruwa da wata allura mai suna dobutamin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, doki yana barci amma jikinsa a firgice yake. A saman kowace ƙoda akwai ɗan kitse-kitse mai fitar da sinadarin firgita, kotisol, bisa umarnin ƙwaƙwalwa. A 1989 wata likita a Ingila, Polly Taylor, ta nuna cewa ƙananan dawakin da aka shaƙa wa halotan kotisol ɗinsu yana tashi ko da ba a taɓa su da wuƙa ba. Da aka yi barcin da allurar jijiya, bai tashi haka ba. Masana na ganin faɗuwar jinin tana cikin abin da ke ta da wannan ƙararrawa.

Wani babban bincike da aka buga a 2002, kan dawaki sama da 40,000, ya samu kusan 1 cikin 100 na mutuwa a cikin mako guda bayan barcin, ban da masu ciwon ciki. Wasu zuciya ce ta tsaya, wasu karaya ce wajen tashi.

To, mai doki, naka aikin fa? Kada a kawo doki daga Bawku ko Wagadugu a mota, a gajiye, ka ce gobe a kwantar da shi. Bar shi ya huta, ya sha ruwa. A shimfiɗa masa ciyawa mai kauri, ba siminti ba, a gama aiki da sauri, kuma yara su kauce lokacin tashi.

Sai kashedi ga 'yan kara na Tulaku a Ashaiman: allurar zailazin da ake kwantar da doki, saniya kusan kashi ɗaya cikin goma take ɗauka. Wanda ya ɗirka wa sa awon doki, to ya nemi mahauci. Ku bar wa likita sirinjinsa.