Zinari Ne Ko Ruwan Zinari?

Wata mai sauraro daga Burkusuma, ƙaramar hukumar Sabon Birni, tana tambaya: sarƙa da sulallan da aka yi wa ruwan zinari suna da daraja in an tashi sayarwa?

To Malama, darajar ƙalilan ce. Cikinsu tagulla ce, zinarin da ke samansu ko kaurin gashin kai bai kai ba, gumi da sabulu ma suna cinye shi. Kuɗin ado kawai kika biya. Na gaske da giram ake sayar da shi, karat 18, 21 ko 22, sai dai hatimin da ke nuna karat ɗin ma ana yin na jabu. Ki kai wa maƙerin zinari a Sakkwato ko Maraɗi, ya kankare gefe, ya ɗiga ruwan gwaji. Kuma kada ki lissafa nauyinsu cikin nisabin zakka, wato wajen giram 85.