Darasin Kimiyya: Yadda Ake Karanta Lissafin Makamashin Ƙasa

Ɗalibai, kowa a cikinku ya taɓa ji a rediyo an ce Najeriya ta haƙo ganga kaza ta ɗanyen mai a watan jiya, ko an ce wutar da ke kan layin ƙasa ta kai megawat kaza. Yawancin masu sauraro suna jin waɗannan alƙaluma ne kamar ƙarar ruwan sama a kan kwano. Darasinmu na yau shi ne koyon karanta su: me aka auna, da wane ma'auni, kuma wa ya auna. Ku fito da littattafanku, domin akwai lissafi.

Mu fara da ma'anar makamashi. Makamashi shi ne ikon yin aiki, wato abin da ke tafasa ruwa, ya juya injin niƙa, ya haskaka ɗaki, ya tura mota. Yana cikin fetur, da iskar gas, da gawayi, da icen girki, da ruwan da ke gangarowa daga madatsa, da hasken rana. Akwai ƙa'ida guda a kimiyya wadda duk darasin nan ya hau kanta: ba a ƙirƙirar makamashi daga babu, kuma ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Fetur ɗin da ke cikin babur yakan zama tafiya, ya zama zafin da ke ƙona ƙafa a salansa, ya zama ƙara. Tunda ba ya ɓacewa, ana iya bin sawunsa daga rijiyar mai har zuwa tukunyar tuwo.

Matsala ta farko ita ce ta ma'auni. A kasuwa ba a haɗa mudun gero da kwalbar man gyaɗa a ce an samu biyu. Haka nan ana auna ɗanyen mai da ganga, fetur da lita, gas na girki da kilo, lantarki da yunit, ice da dami. Dole a mayar da su duka zuwa abu ɗaya, wato yawan makamashin da ke cikinsu. Ma'aunin kimiyya shi ne jul, sunan da aka ciro daga na James Joule, masanin Ingila na ƙarni na 19. Jul ɗaya ƙanƙani ne ƙwarai, shi ya sa ake ƙirga shi miliyan-miliyan, ana cewa megajul.

Ku rubuta waɗannan. Yunit ɗaya na lantarki, irin wanda ake saya a mita, megajul 3.6 ne. Kilo ɗaya na busasshen ice yana ɗauke da kusan megajul 15, kilon gawayi kusan 30, kilon gas na girki kusan 46. Ganga ɗaya lita 159 ce, kuma zafin da ke cikinta ya kai kimanin yunit 1,700. A manyan jadawalai za ku ga wani ma'auni da ake kira kwatankwacin tan ɗaya na mai, daidai yake da yunit 11,630.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da wasu masu karanta labarai: wat daban, yunit daban. Wat yana auna saurin gudanar makamashi ne, kamar ƙarfin zubar ruwa daga famfo. Yunit kuwa shi ne ruwan da ya taru a bokiti. Fanka mai cin wat 50 idan ta yi awa 20 tana juyawa, ta ci yunit ɗaya. Saboda haka idan aka ce madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana da ƙarfin megawat 760, ko Shiroro 600, ko Zungeru 700, ana maganar iyakar abin da injinansu za su iya ne idan komai ya cika. Abin da suke bayarwa a zahiri ya danganta da yawan ruwa da lafiyar injin. In aka haɗa ƙarfin duk tashoshin da ke kan layin ƙasa ana samun kusan megawat 13,000, amma abin da ke gudana a yawancin ranaku tsakanin 4,000 ne da 5,000. Duka alƙaluman biyu gaskiya ne. Tambaya biyu daban suke amsawa.

Yanzu mu zo kan jadawalin kansa. Ku ɗauki manomi da rumbunsa. Abin da iyalinsa suka ci a shekara shi ne abin da ya noma, a haɗa da abin da ya auno a kasuwa, a cire abin da ya sayar, sannan a duba ko hatsin da ke rumbu ya ƙaru ko ya ragu. Haka ƙasa take yi: abin da aka samar a cikin gida, a haɗa da wanda aka shigo da shi, a cire wanda aka fitar, a cire man da aka zuba wa jiragen ruwa da na sama masu zuwa ƙasashen waje, a gyara da sauyin abin da ke ajiye a tankuna. Abin da ya rage shi ne makamashin da ƙasa ta samu. Daga nan sai a bi shi zuwa matatu da tashoshin wuta, a cire abin da ya salwanta wajen sarrafawa da rarrabawa, a isa ga abin da gidaje da masana'antu da motoci suka ci. Idan lissafin sama da na ƙasa suka ƙi haɗuwa, akwai layi na musamman da ake rubuta giɓin. Ni da na samu jadawali, wannan layin nake fara dubawa, domin shi ke nuna yadda masu awon suka riƙe aikinsu.

Layin samarwa a Najeriya ya fara ne daga Oloibiri, inda aka gano mai a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Ƙasar ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. Wajen shekarar 2005 haƙon ya kai kusan ganga miliyan 2.5 a rana, amma a watannin Agusta da Satumba na 2022 ya faɗi ƙasa da miliyan ɗaya saboda satar mai da fasa bututu. Tun bayan dokar masana'antar mai ta 2021, hukumar NUPRC ce ke fitar da adadin haƙo kowane wata. Ku lura da abu ɗaya: akwai wani ruwan mai marar nauyi da ke fitowa tare da iskar gas, wanda OPEC ba ta sa shi cikin kason da take yanka wa ƙasa. Wanda ya haɗa da shi zai faɗi adadi mafi girma, wanda ya cire shi zai faɗi ƙarami, a kan wata guda. Ita kanta OPEC, a rahotonta na wata-wata, tana buga jeri biyu: abin da gwamnatoci suka faɗa da bakinsu, da abin da masu sa ido na waje suka ƙiyasta.

Mu gwada lissafi. A ce haƙon ganga miliyan 1.5 ne a rana. Ku ninka da 1,700, za ku samu yunit miliyan 2,550. A ce kuma layin ƙasa ya riƙe megawat 4,500 tsawon awa 24. Wannan yunit miliyan 108 ke nan. Makamashin da ke cikin man da ake haƙowa ya ninka wutar layin ƙasa fiye da sau 20. Kada ku yi saurin yanke hukunci, domin idan aka ƙona mai don samar da lantarki, kusan kashi biyu cikin uku na zafin yakan tafi a iska. Ko da an cire wannan, abin da ya rage ya ninka wutar da muke samu kusan sau takwas. Yanzu ku raba yunit miliyan 108 ga mutum miliyan 220. Kowa ya tashi da rabin yunit a rana, abin da fankar nan za ta cinye cikin awa 10. Adadin mutanen ma ƙiyasi ne, domin rabon da a yi ƙidayar jama'a tun 2006.

Layin ciniki da ƙasashen waje ya daɗe yana nuna wani abin takaici. Matatun gwamnati da ke Fatakwal da Warri da Kaduna an gina su ne don tace ganga 445,000 a rana, amma shekaru da dama suna tsaye, ƙasa tana fitar da ɗanyen mai tana sayo tacacce. Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, kuma tun daga nan layin shigowa ya fara sauya fasali. Iskar gas kuma ana sanyaya ta har ta zama ruwa a tsibirin Bonny ana lodin jirage tun 1999, wata tana bin bututu zuwa Benin da Togo da Ghana. Wadda ake ƙonewa a banza a bakin rijiyoyi tana da nata layin, kuma yanzu tauraron ɗan adam na iya auna harshen wutar daga sama.

Lantarki ma haja ce da ke tsallaka iyaka. Kafin juyin mulkin Yuli na 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin Nigelec na Nijar ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Da aka katse layin a watan Agusta na shekarar, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ji ma'anar wannan adadi a jikinsu. Ita ma Nijar jadawalinta ya sauya: matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana, tana aiki tun 2011, kuma a 2024 ƙasar ta fara tura ɗanyen man Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin.

Layin amfani ya fi kowane wuyar awo. Ku ɗauki fetur. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, alƙaluman hukuma suna nuna ana shan sama da lita miliyan 60 a rana. Cikin 'yan watanni adadin ya sauko ƙasa da miliyan 50. Me ya faru? Tsada ta sa wasu sun ajiye motocinsu, wannan gaskiya ne. Amma abin da ake aunawa tun farko shi ne man da tankoki suka ɗauka daga depo, ba wanda aka ƙona a cikin ƙasa ba. Duk wanda ya san hanyar Jibiya ko Illela ya san jarkokin da ke tsallakawa lokacin da man Najeriya ya fi na maƙwabta araha. A takarda an rubuta cewa mu muka sha, alhali babur ɗin da ya ƙona shi a Ƙonni ta Nijar yake. Haka kuma wutar da miliyoyin janaretoci ke samarwa a shaguna da gidaje ba ta bi ta mitar kowace hukuma, sai dai a hango ta a ɓoye cikin adadin fetur da dizal. Farantan sola da ke yawaita a kan rufin gidaje su ma haka.

Na bar mafi girma a ƙarshe, kuma shi ne ya fi damuna. Shekaru da yawa jadawalin Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Paris a 1974, ya riƙa nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da Najeriya ke amfani da shi daga ice da gawayi da kara da makamantansu yake fitowa. Wato abin da ke dafa abincin yawancin gidajenmu. To amma wa ya auna? Gangar mai tana bi ta mita kafin ta shiga jirgi, saboda dala ce. Damin icen da yarinya ta ɗauko daga daji, ko karan dawa da aka kwaso bayan girbi, babu rasit, babu sikeli. Abin da ake yi shi ne a zaɓi wasu gidaje a tambaye su da me suke girki, kamar yadda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi a bincikenta, a ƙiyasta abin da gida ɗaya ke ƙonawa, a ninka da adadin gidaje. Kuskure kaɗan a ƙiyasin farko sai ya zama tan miliyoyi a ƙarshe.

Kuma yawan icen ba ya nufin yawan amfani. Murhun duwatsu uku yana kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin zuwa tukunya, saura ya bi iska, hayaƙin ya shiga ƙirjin mai girki da ɗan da take goye da shi. Murhun gas yana kai kusan rabi. Tukunyar gas mai kilo 12.5 tana ɗauke da megajul 575, daidai da zafin ice kilo 38, amma girkin da za ta yi sai an ƙona ice wajen kilo 150 kafin a yi shi. Gawayi kuwa, a irin yadda ake turara shi a rami, kilo ɗaya kan ci ice kilo 5 ko fiye. Duk buhun gawayin da kuka gani an jera a bakin titi, ku ninka nauyinsa sau biyar kafin ku san abin da daji ya biya. Gwamnatin da ba ta san adadin nan da kyau ba, da wuya ta san bishiya nawa za a dasa a Jigawa ko Yobe, ko tukunyar gas nawa ake bukata.

Ga aikin gida. Kowa ya nemi aron sikeli wajen mai shago ko mai sayar da gas. Tsawon kwana bakwai, ku auna icen ko gawayin da aka ɗebo don girki da safe, ku sake auna abin da ya rage da dare, ku rubuta bambancin. Ku tambayi iyayenku mata da ladabi, domin su ne suka san abin da murhu ke ci ranar tuwo da ranar dafa wake. Masu mita su rubuta yunit na farkon mako da na ƙarshensa, masu janareta su rubuta lita. Ku mayar da komai zuwa megajul, ku raba da adadin mutanen gidan. Ranar Litinin za mu haɗa na ajin gaba ɗaya a kan allo.