BAYANKA JARINKA NE: YADDA MANOMI ZAI TSARE KANSA DAGA CIWON BAYA

Manomi, kafin ruwa ya sauka kakan kai fartanya da garma wurin maƙeri ya gyara, ka tanadi iri da taki. Mai shanun noma yakan ba su harawa da dusa don su yi ƙarfi. To, akwai wani kayan aiki da ya fi waɗannan duka, amma ba kasafai ake kula da shi ba, wato bayanka. In fartanya ta karye, sai ka sayi wata ran kasuwa. In baya ya riƙe a tsakiyar damina fa? Ciyawa ba za ta jira ka warke ba. Kwana goma a kwance lokacin noman firi ya isa ciyawa ta danne gero, har ka sayar da akuya ka biya 'yan ƙwadago.

YADDA BAYA YAKE

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere bisa juna, tun daga wuya har ƙasan ƙugu. Tsakanin waɗanda ke motsi akwai wani guringuntsi mai taushi, aikinsa kamar na gammo ne. Laka ta bi ta tsakiyar ƙasusuwan, daga jikinta kuma jijiyoyi suke fita har zuwa ƙafafu. Ƙasusuwa 5 na wajen ƙugu su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki, shi ya sa ciwon ya fi sauka a nan.

Yawancin ciwon baya gajiyar tsoka ce ko gurɗewa. Wani lokaci kuma guringuntsin nan ne yakan bulluƙo ya danne jijiya, sai ka ji ciwo yana sauka ta ɗuwawu har ƙafa. Abubuwa uku suka fi jawo wannan ga manomi: daɗewa a sunkuye, ɗaukar kayan da ya fi ƙarfi, da murɗa jiki alhali kana riƙe da kaya.

A WAJEN NOMA

1. Kada ka fara da ƙarfi da sassafe, jiki bai saki ba. Ka fara a hankali. Haka kuma a farkon damina, kada ka ce sai ka gama huɗar gona a kwana biyu bayan ka daɗe rabonka da garma. Sannu ba ta hana zuwa.

2. Duk lokacin da ka kai ƙarshen kunya, ka miƙe tsaye, ka dafa ƙugu da hannu biyu, ka ɗan banƙare baya sau uku ko huɗu, sannan ka juya.

3. Ka duba ƙotar fartanyarka. In ta cika gajarta, ka sa a yi maka wadda ta dace da tsawonka. A ƙasar jigawa mai yashi, kamar wajejen Maraɗi da Damagaram, manoma suna noma da hauya mai doguwar ƙota suna tsaye. In ƙasarka mai yashi ce, gwada ta.

4. Ka riƙa wasa bakin fartanya da lauje. Kayan aiki mai dakushi bayan mai shi yake ci.

5. Ka riƙa sauya aiki, ka sauya hannu. In ka yi noma da safe, da yamma ka kama aikin da ake yi a tsaye ko a zaune.

A WAJEN ƊAUKAR KAYA

Buhun takin zamani kilo 50 ne. Babban buhun masara ko dawa yakan kai kilo 100. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji babba ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Ka ga ke nan buhun hatsi ba kayan mutum ɗaya ba ne. Ku kama ku biyu, ko ka raba shi gida biyu, ko ka sa baro, jaki ko amalanke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In za ka ɗaga kaya daga ƙasa, yi haka:

1. Matsa kusa da kayan, ka buɗe ƙafafu.
2. Lanƙwasa gwiwa ka tsuguna.
3. Rungumo kayan jikinka, ka miƙe da ƙarfin cinyoyi, ba da fizga ba.
4. In za ka juya, juya da ƙafafu. Kada ka murɗa ƙugu kana riƙe da dami ko buhu.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Injin feshi na goyo mai lita 20, in an cika shi, ya haura kilo 20. Ɗora shi bisa turmi ko ganga kafin ka goya, ka sa maɗauransa duka biyu.

MATA DA YARA

Iyalinka ma suna da baya. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, kada a ɗora wa yaro ko mace mai ciki. Gara a yi sawu biyu da ƙaramin kaya. Mai wanki ko tsintar hatsi ta zauna bisa kujera maimakon ta wuni a sunkuye.

IN CIWON YA ZO

Kada ka kwanta kwana da kwanaki, doguwar kwanciya ƙara sandarar da baya take yi. Ka rage aiki mai nauyi, amma ka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Ka gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi. Da dare ka kwanta ta gefe, ka sa matashi tsakanin gwiwoyi. Yawancin ciwon baya yakan yi sauƙi cikin 'yan makonni.

Ka guji haɗin ƙwayoyin da ake tallarsu a kasuwa. Yawan shan magungunan kashe zafi irin su diclofenac yana jawo gyambon ciki, yana kuma lalata ƙoda. Tiramol kuwa ɓoye ciwo yake yi har ka ƙara ji wa kanka rauni, ga shi yana kama jiki, yana kuma iya sa mutum ya faɗi yana jijjiga.

JE ASIBITI MAZA IN KA GA WAƊANNAN

1. Ƙafa ta mutu ko ta rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji.
2. Fitsari ko bayan gida ya riƙe, ko yana zuba ba ka sani ba. Wannan na gaggawa ne, kada a kwana.
3. Ciwon ya biyo bayan faɗowa daga bishiya, rumbu ko amalanke.
4. Ciwon baya tare da zazzaɓi, zufar dare, rama ko ƙusumbi da ke tasowa. Tarin fuka yakan kama ƙashin baya, kuma yana da magani.
5. Ciwon ya wuce mako 6 bai yi sauƙi ba.

KA TUNA

Miƙe a ƙarshen kowace kunya. Tsuguna kafin ka ɗaga kaya. Buhun hatsi na mutum biyu ne. In kana neman ƙarin bayani kan kayan noma masu rage wahala, tuntuɓi malamin gona na yankinku. Maganar ciwo kuwa, sai malamin asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka.