GYARAN GASHIN DOKI DA KAYAN CIKIN GIDA

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Bida, ya san cewa jikin doki ido yake fara gani kafin ya kai ga sirdi da linzami. Saboda haka in salla ta ƙarato, waɗansu masu dawaki sukan kashe kuɗi wajen sayen mayukan kanti masu tsada, waɗansu kuma sukan shafa wa dabbar abin da zai cuce ta. Alhali kuwa yawancin abin da ake bukata yana nan cikin gida. Sai dai a sani tun farko: ƙyallin gashi daga lafiyar jiki yake fitowa. Shafe-shafe ƙarasa aiki kawai suke yi.

DAGA INA ƘYALLI YAKE FITOWA?

A gindin gashin doki akwai waɗansu ƙananan kafofi cikin fata masu fitar da maiƙo. Wannan maiƙo shi ke kwantar da gashi ya sa shi sheƙi, ya kuma kare fata daga ruwa da ƙura. Idan doki bai ƙoshi ba, ko tsutsar ciki ta kama shi, maiƙon yakan ragu, gashi ya bushe ya tashi tsaye. Irin wannan doki ko kwalba guda ta mai aka juye masa, kwana ɗaya ne ya koma yadda yake.

ABINCI DA RUWA

1. Tushen abincin doki shi ne ciyawa mai kyau da harawa. Gero da dawa da dusa ƙari ne a kansu.

2. A riƙa zuba man gyaɗa ko man riɗi cikin dusa. A fara da babban cokali 2 a rana, a yi ta ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai rabin kofin shayi cikin mako 2. In an ɗura da yawa gaba ɗaya, zawo zai biyo baya.

3. A ba shi gishiri kamar babban cokali 1 ko 2 kullum.

4. Babban doki yakan sha lita 20 zuwa 40 na ruwa a rana, da bazara ma fiye da haka. Kada a bar shi da ƙishirwa.

5. Kada a ba shi ƙuli-ƙuli ko hatsin da ya yi fumfuna, domin akwai guba mai lalata hanta a cikinsu.

Amfanin wannan ba ya bayyana sai bayan mako 4 zuwa 6. Mai shirin hawa sai ya fara tun watan azumi bai kama ba.

AIKIN HANNU

Babu man da ya kai goga amfani. Kowace rana a ɗauki burushi mai ɗan tauri a murza jiki a kewaye, domin a tayar da ƙura da mataccen gashi. Sannan a bi da burushi mai laushi daga wuya zuwa gindi, yadda gashi ya kwanta. Daga ƙarshe a shafe jiki da tsumma mai tsabta wanda aka ɗan jiƙa da ruwan ɗumi aka matse. Wannan gogar ita ke baza maiƙon fata bisa gashi duka. Kuma a nan ne mai kula da doki zai ga kaska, ko ƙwarƙwata, ko gyambon sirdi tun bai yi nisa ba.

WANKA

Yawan wanka da sabulu yana wanke maiƙon da ake nema. Bayan sukuwa, ruwa zalla ya isa ya kawar da gumi. In za a sa sabulu, a yi amfani da na wanka marar kaifi, a ɗauraye sarai, domin sauran kumfa yana sa ƙaiƙayi. A ruwan ɗauraya na ƙarshe ana iya zuba ruwan khal kamar rabin kofi cikin bokiti guda, yana cire ragowar sabulu. A kiyaye ido da wurin rauni. Da hunturu a yi wankan da hantsi, a bar dokin ya bushe a rana.

GEZA DA WUTSIYA

Gashin geza da na wutsiya ba ya wuce tsawon inci ɗaya a wata, don haka wanda aka tsinke zai daɗe bai dawo ba. Karkashi, wanda mata suka daɗe suna wanke kai da shi, yana da amfani a nan. A jiƙa busasshen ganyensa cikin ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, a tace, a shafa wa geza da wutsiya, a warware ƙulli da yatsu, sannan a ɗauraye. Wajen tajewa a fara daga ƙarshen gashi a hau sama, da mataji mai manyan haƙora. Wanda zai taje wutsiya ya tsaya a gefe, kada ya tsaya daidai bayan doki.

In gashi ya bushe, a narkar da ɗan man kaɗanya a tafin hannu a shafa a bakin gashin kawai. Mai in ya yi yawa ƙura yake kamawa, musamman da hunturu. Kada a shafa mai inda sirdi ke zama, domin sirdi yana iya zamewa da mahayi.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Baƙin man mota da kananzir suna ƙona fata, suna zubar da gashi, kuma doki yakan lashe su ya kamu da ciwo. Garin sabulun wanki yana busar da fata. 'Ya'yan zurma guba ne mai kisa ga doki, kada a bar su kusa da barga.

LOKACIN NEMAN LIKITA

Idan doki yana yawan goga gindin wutsiyarsa a jikin bango, ko gashi yana zuba wuri-wuri, ko yana ramewa alhali yana ci, to, abin ya wuce na shafa mai. Yana iya zama tsutsa, ko ƙazuwa, ko makero, wanda yakan kama mutane ma. Sai a ware masa burushinsa da tsummansa, a kuma kai maganar ofishin likitan dabbobi mafi kusa ba tare da ɓata lokaci ba.