Ƙwaƙwalwa Ita Ce Tushen Hali

Jama'a, masana da ke neman tushen hali a cikin jiki sun tsaya a kan abu uku. Na ɗaya, tunani da fushi da tsoro aikin ƙwaƙwalwa ne. Na biyu, jijiyoyinta suna aika saƙo da sinadarai. In suka rikice, hali yakan sauya. Na uku, akwai gado, ko da yake reno yana da nasa rabo.

Saboda haka taɓin hankali ciwo ne mai magani. Mutanen Mararaban Rido da sauran ƙasa, kada a sa majinyaci a mari. A kai shi asibiti, kamar na Tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Dokar da aka sa wa hannu a 2023 ta kare haƙƙinsa.