Darasi: Yadda Namun Daji Ke Zama da Ƙaruwar Zafi

Ka ji dattawa suna cewa bazarar yanzu ta fi ta dā ƙuna. Gaskiya suka faɗa. Masu awon zafi sun tabbatar duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1 bisa yadda take kafin shekarar 1900. Babban dalili shi ne hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da gas da ake ƙonawa, wanda yakan taru a sama ya riƙe zafin rana kamar bargo. Ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. Damina kuma ta zama ba tabbas, wata shekara fari, wata shekara ambaliya.

Kai kana da rijiya da rumbu da inuwar zaure. To, naman daji fa, ina zai sa kansa? Wannan darasi zai nuna maka dabaru huɗu da namun daji ke yi, da yadda abin ya shafi gonarka.

1. Ɓuya

Dabara ta fari ita ce guje wa rana. Ka san gaiwa. In tabki ya soma ƙafewa sai ta nutsa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafa ta shan iska. Haka za ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Damo ma yakan shige rami ya yi ta haƙuri har ruwan fari ya sauka. Babban kunkurun daji yakan haƙa rami mai zurfi inda ƙasa ke da sanyi da laima. A duwatsun Enedi na ƙasar Cadi akwai kadoji kaɗan da suka saura a wani tabkin dutse a tsakiyar hamada, tun zamanin da wurin ke da koguna.

Amma ɓuya tana da iyaka. Dabbar da ta kwanta tana cin kitsen jikinta ne. In rani ya zarce yadda ta saba, sai kitsen ya ƙare tun ruwa bai zo ba.

2. Jurewa da jiki

Dubi raƙumi. In yana jin ƙishirwa, jikinsa yakan kwana da sanyin digiri 34, da rana ya bar shi ya hau har ya wuce 40. Ba ya saurin zufa, watau yana adana ruwa ke nan. Da dare sai zafin ya fita da kansa. Namun hamada da yawa suna da irin wannan baiwa. Mariri, mai farin jiki da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, yakan yi watanni bai sha ruwa ba, ɗanyar ciyawa da gunar daji sun ishe shi. Yanyawa kuwa manyan kunnuwanta ne ke fitar mata da zafin jiki.

Sai dai ka lura. Irin wannan jiki ba a shekara goma ko ɗari ya samu ba, sai da aka yi dubban shekaru ana haifuwa. Zafin yanzu kuwa yana tafe da sauri. Kuma jurewa ba ta tare harsashi. Mariri ya jure hamada, amma farauta da mota da bindiga, da yaƙi, da fari, suka ƙarar da shi, har a shekarar 2000 aka ce babu sauransa a daji ko'ina. A 2016 aka kawo waɗanda aka kiwata a killace aka sake su a gandun dajin Wadi Rime da Wadi Ashim a tsakiyar Cadi. Sun hayayyafa, a 2023 an ƙiyasta sun haura 600.

3. Sāke lokaci da abinci

In kiɗa ya sāke, rawa ma sai ta sāke. Barewa da ke kiwo da hantsi, in zafi ya tsananta sai ta koma kiwon asuba da dare, ta wuni a gindin itace. Tsuntsaye ma sun sāke. Farar shamuwa ta Turai ta saba ƙetaro hamada ta yi rani a ƙasashenmu, tana cin fara da babe. Yanzu da sanyin Turai ya ragu, kuma tana samun abinci a jujin birane, da yawa sukan tsaya a Sifen da Fotugal ba su ƙetaro ba. Kowace shamuwa da ba ta zo ba, fara ce ta tsira a gonar wani.

4. Ƙaura

Wannan ita ce babbar dabara, ita ce kuma ta fi shafarka. In ruwa da ciyawa suka ƙare a wuri, sai dabba ta bi sawunsu. Galibi inda ruwa da ganye suka saura, nan mutum ya yi gona.

Ga misali daga Nijar. Raƙuman dawa dā suna yawo daga Senegal har Tabkin Cadi. Farauta da saran daji da farin shekarun 1970 da na 1984 suka rage su ƙwarai. 'Yan da suka saura suka taru a wajen Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Da damina suna kiwo a dajin kan tudu. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso, inda gawo ke da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. A 1996 ba su cika 50 ba. Hukuma ta tsananta hana kashe su, mutanen ƙauyuka suka haƙura da su, har a ƙidayar 2017 suka haura 600. A 2018 an ɗauki 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Amma kada a ɓoye maka, zaman yana da ɗaci. Raƙumin dawa yana cin wake da harawa da mangwaro. Inda aka sare daji, ɓarnarsa a gona takan ƙaru.

Ga wani misali daga arewacin Kamaru, ƙasar auduga. A 1979 aka gama madatsar ruwa ta Maga. Ta haɗu da shekarun fari, sai ambaliyar kogin Logon ta daina cika fadamun da ke kusa da gandun dajin Waza kamar dā. Giwayen Waza suka faɗaɗa yawonsu. Waɗansu suka riƙa gangarawa kudu da damina zuwa wajen Mindif da Kayele, suna cin dawa suna tattake gonaki. Garke guda yana iya gama da aikin damina na gida guda cikin dare ɗaya.

Ka ga ke nan, dabba ba mugunta ce ta kawo ta gonarka ba. Yunwa da ƙishirwa ne. In ta sami hanya da itace da ruwa a daji, ba ta cika damunka ba. Waɗannan uku kuwa a hannun manomi suke.

Abin da za ka yi

Na ɗaya, in kana sassabe kada ka tumɓuke kowane kututture. Ka bar tohon gawo da sabara da kalgo, ka gyara su su girma. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi haka tun shekarun 1980, itatuwa miliyoyi suka dawo gonakinsu. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma ba ƙasa taki.

Na biyu, kada ka yi gona a kan hanyar da namun daji da shanu ke bi zuwa mashaya. Wanda ya toshe burtali ya gayyato ɓarna.

Na uku, wannan naka ne musamman, kai mai auduga. Kada ka wanke famfon feshi ko gwangwanin maganin ƙwari a tabki ko rafi. Da rani ruwa kaɗan ne, guba ba ta tsinkewa a ciki. Kifi da tsuntsu da barewa da akuyarka, har yaranka, duk ruwan nan guda suke sha. Ka wanke kayan feshi nesa da ruwa. Gwangwanin kuwa ka huda shi ka miƙa wa malamin gona.

Na huɗu, kada ka sa wa daji wuta a tsakiyar rani. Tana cinye ciyawar da ta saura, ta kashe abin da ya ɓuya a rami da cikin kututture.

Na biyar, ka kwashe wake da harawa da wuri, ka kai su cikin danga. Inda giwa ke zuwa, ku haɗa kai ku yi gadin dare da fitila da bugun gwangwani. Ku cuɗa barkono da kashin shanu ku busar, ku ƙona a gefen gona ta inda iska ke tasowa, gama giwa ba ta son hayaƙinsa. Kada ka tunkare ta kai kaɗai, balle mai ɗa. In an yi ɓarna, ku sanar da mai gari da ma'aikatan gandun daji nan da nan.

Tambayoyi

Ku tattauna waɗannan a dandali tare da malamin gona. Waɗanne namun daji kakanninku suka sani a dajinku waɗanda babu su yanzu? Ina namun da suka saura ke shan ruwa a watan Afrilu? Gawo nawa ke cikin gonarka, nawa kuma za ka bari bana?

Allah ya ba mu damina mai albarka.